Godiya: Ƙanƙara ta koma makaranta

Alhamdulillahi. Jiya Litinin muka mayar da Ƙanƙara, zomanyar ajin su Auta, makaranta, kuma Auta ce ta rungume ta tun daga bakin ƙofa har cikin aji, ni ina biye da ita riƙe da keji babu komai a ciki. Tun daren jiya na so in rubuto muku wannan saƙo, amma ina sallame isha'i barci ya kwashe ni a kan sallaya, irin barcin da rabona da shi tun watan Janairu.

Ba sai na maimaita yadda kare ya ciji Auta a ƙafa a lungunmu ba, kun sani, da yawanku ma kun ga ƙafar da idonku. Godiya kawai na zo yi, kuma akwai waɗanda suka roƙe ni kada in ambace su. Ku yi haƙuri, zuciyata ba za ta bar ni in yi shiru ba.

Hajiyar gidan da ke kallon namu, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, da ke zan fara. Ranar nan tsakar gidana ya cika da mata, wannan na cewa a ɗaure ƙafar, waccan na cewa a zuba toka, ni kuwa salati kawai nake yi, hannuna ya kasa riƙe komai. Kika shigo ko mayafi ba ki gama yafawa ba, kika ce a kawo sabulu da ruwa. Buta bayan buta kina wanke wurin, yarinya na ihu, idonki na kan agogo, kika ce sai an cika minti 15 kafin a nufi asibiti. Daga bakinki na fara jin cewa cutar haukan kare in har alamunta suka bayyana kusan babu mai tashi, amma in an wanke ciwon da wuri aka yi allura a kan lokaci ana tsira. Da karen na wani gida ne da aka sani, da an tsare shi an sa masa ido kwana 10. To har yau ba a san inda ya shiga ba. Haka muka yi allura 5, ranar farko, sai rana ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28, kuma babu wadda ba ki tuna min ba tun da asuba. Allah Ya ba ki abin da kike nema duniya da lahira, Ya jiƙan maigidanki.

Mai kemis ɗin bakin titi da ya ajiye mana maganin a firjinsa na sola lokacin da muka kwana uku babu wuta, da yaron nan mai adaidaita sahu da ya riƙa zuwa ɗaukarmu sau biyu yana ƙin karɓar kuɗi, Allah Ya buɗa muku. Abbansu kuwa duk ranar allura sai ya rufe shago a Kantin Kwari, kuma kun san abin da rufe shago yake nufi a wannan lokaci.

Ƙafa ta warke cikin 'yan makonni, tsoro ya zauna daram. Yarinyar da a da take bin akuyar maƙwabta da ɓawon ayaba ta koma in mage ta gifta kan katanga sai ta ƙanƙame ni jikinta na ɓari. Cikin dare ta farka a firgice. Kaza ma ba ta yarda ta matso ta. Ga shi a ajinsu akwai zomanya fara fat a keji can kusurwa, wadda suke kiwo saboda darasin noma, yara suka sa mata suna Ƙanƙara. Auta ta ce ita da aji har abada.

Ni da ƙafata na je na roƙi malamarsu ta fitar da zomon nan. Malama, kin tuna abin da kika ce min? Kika ce, “Maman Auta, in mun fitar da zomo yau, akuyar bakin titi fa, wa zai fitar mata da ita?” Raina bai so ba a ranar, na koma gida ina ganin ba ki tausaya mana ba. Ki yafe min. Kika dawo da kujerarta bakin ƙofa, nesa da kejin, kika ba ta littafi kika ce aikinta shi ne rubuta lokacin da aka ba Ƙanƙara abinci da abin da ta ci. Bayan mako biyu ta fara cika kwanon ruwa tana miƙa wa ƙawarta ta kai. Daga nan ta fara tura harawa da dogon kara tana daga tsaye. Ba ki taɓa kama hannunta kin ɗora a kan dabbar ba, ba ki kuma bar yaro ko ɗaya ya yi mata dariya ba. Da na ba likita labari sai ya ce haka ake yi wa irin wannan tsoro, a riƙa kusantar abin kaɗan-kaɗan ba tare da tilas ba.

Da hutu ya zo kika ce mu tafi da Ƙanƙara gida. Na karɓa ne don kunyarki. Muka ajiye kejin gindin darbejiyar tsakar gida, yayyen Auta ke sharewa, ita tana nan da littafinta da dogon karanta.

Sai ranar Larabar nan ta tsakiyar Afrilu. Kun san zafin Kano a wannan wata, ya haura 40, iska kamar daga bakin murhu. Yayyenta sun tafi gidan kakarsu a Gwammaja, Abbansu na kasuwa, daga ni sai ita. Ina kicin ina jajjagen attaruhu da tattasai, ban lura inuwa ta gusa rana ta sauka kan kejin ba, kwanon ruwan kuma ya kife. Sai ga ta a bakin ƙofa, murya can ƙasa: “Umma, Ƙanƙara ba ta motsi.” Na fito na tarar da ita ta miƙe a gefe guda, numfashi sama-sama, bakinta ya jiƙe, kunnuwan nan sun yi jawur. Na ja kejin zuwa zaure da ƙafa da gwiwar hannu, Auta ta danna min lambar Malama. Malama ta ce zomo ba ya gumi irin namu, ta kunne yake fitar da zafi, a jiƙa hannu da ruwan randa a riƙa shafa kunnuwan, kada a sa ƙanƙara, kada kuma a tsoma ta cikin ruwa. Na dubi hannuna, attaruhu har wuyan hannu, ko na wanke yajin ba zai fita nan take ba.

Ban ce mata ta yi ba, Allah ne shaidata. Ta tsaya tana kallon kejin, tana kallona. Ta debo ruwa a moɗa, rabinsa ya zube a hanya saboda rawar hannu. Ta durƙusa ta ce bismillahi, ta zura yatsa ɗaya ta taɓa kunnen, ta janye kamar ta taɓa garwashi. Ta sake. A karo na uku ta bar hannun a wurin, tana shafawa daga gindin kunne zuwa sama, tana sake jiƙawa. Can ta ɗora tafinta a haƙarƙarin zomanyar ta yi shiru, sai ta ɗago ta ce, “Umma, zuciyarta na bugawa da sauri. Ita ma tsoro take ji.” Na juya na fuskanci bango hawaye na zuba, ga shi ba halin in share da hannu. Wajen rabin awa tana durƙushe a wurin, har Ƙanƙara ta ɗaga kai ta lashi ruwa a tafin hannunta. Daren ranar Auta ba ta farka ba sai da na tashe ta sallar asuba.

Malaminsu na Islamiyya, da labari ya kai masa, ya karanta musu hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Ta dawo tana tambayata ko kare ma ana samun lada a kansa. Na ce mata ƙwarai. Har yanzu in ta hango kare takan tsallaka titi ta kama gefen hijabina, amma tana tafiya, ba ta komawa gida. Malam, Allah Ya ƙara ilimi mai amfani.

Baba maigadin makaranta da ya riƙa kawo harawa da dusa a kekensa duk tsawon hutu, shi ne kuma ya koya wa yaran cewa ba a ɗaga zomo ta kunne, sai a tallafo ƙirji da ƙugu. Mai kayan miya na 'Yan Kaba da ke tara mana ganyen karas da latas kyauta. Innata da ba ta taɓa fashin yi wa yarinyar nan tofi da Falaƙi da Nasi ba. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya raya muku zuri'a, Ya tsare 'ya'yanku daga abin da ya sami tawa, Ya sa ku gama da iyayenku lafiya, Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi. Wanda na manta da shi ya yafe min, Allah bai manta ba.

Akwai na jikinmu da ke cikin garin nan, tsakaninmu da su bai wuce kuɗin adaidaita sahu ɗaya ba, wata uku ko a waya ba mu ji su ba, sai saƙon da ya iso min cewa wai shagwaɓa ce na koya mata. Ya yi min ciwo, amma na bar wa Allah, kuma ƙofata a buɗe take.

Masu kiwon kare a unguwa, don girman Allah ku kai su asibitin dabbobi a yi musu rigakafi duk shekara, ku kuma ɗaure su lokacin da yara ke tafiya makaranta.

Ranar Juma'a ce ranar Auta a jadawalin kula da Ƙanƙara, kuma tun yanzu ta ce in tuna wa Abbansu ya biya 'Yan Kaba ya karɓo ganyen karas.