Kalma ɗaya ta raba kawuna da mai sayen albasarsa

Ina cin jarrabawar bakaloriya, wato ta gama sakandare, kawuna ya mai da ni magatakardansa. Fataucin albasa yake yi daga Garwa zuwa kudu, kuma a ganinsa duk wanda ya gama lise, babbar sakandare, ya iya Ingilishi kamar yadda ya iya Faransanci. Ban musa ba. Ai tun 1961 harsuna biyun nan ne na hukuma a Kamaru, kuma shekara bakwai na yi ina zama ajin Ingilishi. Abin da ban gaya masa ba, rabin Ingilishin nawa Faransanci ne na canza wa riga.

Akwai wata mata a Kumba, yankin masu Ingilishi, da ta daɗe tana karɓar kayansa. Wani lodi ya yi kwanaki a hanya, ruwa ya dake shi, buhuna da dama suka ruɓe. Ta turo hotuna ta WhatsApp, ta ce sai an rage mata kuɗi. Kawu ya ce, "Rubuta mata ban ji daɗi ba, amma za mu daidaita." Na karɓi waya ina ji da kaina, na rubuta "Madam, this is a big deception." A kaina déception ce ta Faransanci, wato ka sa rai da abu bai samu ba. A Ingilishi kuwa deception yaudara ce tsagwaronta. Na kira baiwar Allah macuciya ke nan, kuma da sunan kawuna.

Da murya ta mayar da amsa, rabi Ingilishi rabi buroka. Ban tsinci komai ba sai zafin. Kawu na zaune kan buhu, ya ɗago ya dube ni.

"Kai, me ka ce mata?"

"Abin da ka ce ne, Kawu."

"Abin da na ce ba ya sa mutum ihu haka."

Ta biya kuɗin lodin, ba ta sake neman kayanmu ba. Kalmar da nake nema ita ce disappointment.

Ƙannena da kuka taso da Faransanci, a Marwa kuke ko Ngaundare ko Njamena, tarkon nan namu ne. Tun da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066 kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi, daga baya kowace ta kama gabanta. A fuska kamar an tsaga kara, a ma'ana hannun riga. Injure a Faransanci zagi ne, injury a Ingilishi rauni ne a jiki. Grief a Faransanci ƙorafi ne, a Ingilishi baƙin cikin rashi. Formidable yabo ne a bakinmu, amma mai Ingilishi ya fi faɗinta ga abin da ke da kwarjini ko wuyar tunkara. Terrific kuwa, duk da kamarta da terrible, yabo ce. Wannan ma ta taɓa kunyata ni, amma a bar wa cikin.

Kuskurena na biyu ya fi daɗewa tare da ni: ban san nauyin kalma ba. Da Hausa ba mai ce wa jinkirin mota bala'i. Mun san damuwa daban, matsala daban, wahala daban, kafin a kai ga masifa. Ingilishi ma haka yake hawa-hawa. Inconvenience ɗan takura ne, setback cikas ne da ya mayar da aiki baya, mess abu ne da ya dagule, ordeal wahala ce da mutum ya sha ya fita da kyar, tragedy galibi sai an yi rashi. Ni kuwa komai disaster nake ce masa, ko tayar mota ce ta fashe. Wanda ke kiran fashewar taya disaster, ranar da gobara ta ci shagonsa ba shi da sauran kalma.

Su kuma masu harshen sukan sassauta magana. In aka rubuto maka "I'm afraid", ba tsoro ake ji ba, share fage ake yi don a gaya maka abin da ba za ka so ba. Na taɓa yin fushi da wani malami daga Bamenda don na ce masa na rasa gurbin karatu ya ce "what a shame". Na ɗauka abin kunya yake nufi, ashe jaje yake mini.

Yanzu in raina ya ɓaci ba na laluben kalma mai zafi. Abin da ya faru nake rubutawa: buhu 12 sun ruɓe, mota ta makara kwana uku, ga abin da muke nema. In kalma ta yi mini kama da ta Faransanci sosai, sai na duba ƙamus na Ingilishi zalla, na karanta jimlar misali kafin na taɓa ta.

Har yau ni ke rubuta wa Kawu saƙo. Sai dai ba ya bari na tura sai na mayar masa da shi Hausa, kalma bayan kalma, yana kallon fuskata.