Yadda nake kula da kaset-kaset ɗin mahaifina

Kasusuwan da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini a Gusau sun kusa cika akwati, yawancinsu tafsirin azumi ne da waƙoƙin makaɗan fada. Kamfanin Philips ne ya fito da irin wannan kaset a 1963, kuma zarensa na ɗauke da sauti ne ta hanyar maganaɗisu, shi ya sa ba na ajiye su kusa da sifika, domin akwai maganaɗisu a cikinta.

Babban abokin gabarsu a nan shi ne ƙurar hunturu da zafin bazara, domin kaset ɗin da aka manta a mota da rana yakan lanƙwashe. Duk bayan 'yan makonni nakan jiƙa auduga da sifirit, in goge kan rakodar, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin zaren, har sai jan dattin ya daina fitowa, sannan in goge ƙaramar tayar robar da ke jan zaren, wadda idan ta yi datti take sa rakoda ta tauna kaset. Idan zare ya saki, da biro nake naɗe shi a hankali kafin in saka. Ba na sayen C-120, wato kaset mai minti 120, saboda zarensa ya cika siriri.