Gidan Bulo da Aikin Gayya a Kakuri Bayan Rufe Masaƙu

Mai gidan bulo yana gane halin da gari yake ciki daga irin odar da ake kawo masa. Idan gari na da kuɗi, tifa-tifa ake ɗiba, a tayar da gida cikin wata uku. Idan ya talauce, sai mutum ya zo ya biya kuɗin bulo 50, ya ce a ajiye masa, wata mai zuwa zai ƙaro. A Kakuri, Makera, Nasarawa da Kurmin Gwari, unguwannin masaƙu na Kaduna, wannan ciniki na biyu shi muka fi sani, kuma dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL), wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002. Masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ta rufe a 2007. Arewa Textiles da Nortex da Finetex su ma sun rufe. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna da atamfar fasa-ƙwauri suka haɗu suka kashe su, kuma da suka mutu sai suka tafi da mai abinci, mai gidan haya, tela da birkila. Kafin nan rikicin addini na 2000 da na 2002 sun riga sun sa mutane da yawa sun canza unguwa, gini ya koma can gefen gari, irin su Rigasa da Sabon Tasha da Gonin Gora.

Waɗanda suka zauna ba su zauna sun naɗe hannu ba. Wani kaso mai kyau na cinikin ƙananan gidajen bulo a waɗannan unguwanni daga aikin gayya yake fitowa: kwata, kwalbati, katangar maƙabarta, ɗakin karatu da iska ta yaye, ginin da za a ɗora tiransfoma. Mutanen layi ne suke karo-karo, su zo da kuɗinsu a leda. Kishi kam akwai shi. Abin da yake ba ni takaici shi ne yawan kwatar da ake ginawa da wannan kishi amma damina biyu ta cinye ta, don an yi ta babu awo. Kuɗin talaka ne, ba ya dawowa sau biyu.

Daga bulon kansa matsalar take farawa. Buhun siminti kilo 50 ne. Idan ana son bulo mai inci 9 da zai jure ruwa, bai kamata buhu ɗaya ya wuce bulo 30 zuwa 35 ba. A kasuwa za ka sami wanda yake fitar da 45, 50, har fiye. Ido ba ya bambance su, duka fari ne, duka kusurwarsu a tsaye. Amma ka ɗauki ƙusa ka karta: na kirki zai yi zane kawai, na bogi zai zubo da yashi. Ko ka ɗaga shi daidai ƙugu ka sake shi a ƙasa mai tauri. Mai kyau ya tsaya ko ya ɓalle gefe kaɗan, mara kyau ya watse kamar alkaki. Kwamitin da ya zo sayen bulon kwata ya yi wannan gwaji a gaban mai gidan bulo, ba rashin kunya ba ne. Wanda ya san abin da ya buga shi da kansa zai miƙo maka bulon.

Yashi shi ne na biyu. Yashin kogi mai kaifi ake so, wanda idan ka murza a tafin hannu ba ya barin jan ƙasa. Gwajinsa kwalbar ruwa ce kawai: a zuba yashi kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye har ruwan ya kwanta. Yashi zai sauka ƙasa, laka ta zauna a samansa. Idan kaurin lakar ya kusa kashi ɗaya cikin goma na yashin, a mayar da tifar. Laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta, ko ka ƙara siminti asara kake yi. Shi ma simintin, wanda ya haura wata uku a ajiye ko ya fara dunƙulewa ya rage ƙarfi. Na Obajana ne ko na Sakkwato ko na Ashaka, sabo shi ne magana, kuma a ɗora shi kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko jikin bango.

Kwaɓin bulo ba ya son ruwa da yawa. Ka damƙi kwaɓin a hannu: ya dunƙule, ruwa bai ɗiga ba, to ya yi. Ya yi ruwa, bulo zai zauna ya yi tumbi da zarar an cire shi daga inji. Ya bushe, gefensa zai riƙa marmashewa. Sai kuma ban-ruwa, wanda nan ne aka fi yin ha'inci don ba a ganinsa. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi. Safe da yamma, aƙalla kwana 7, kafin bulo ya bar fili. Lokacin hunturu iska na zuƙe ruwan da wuri, sai an ƙara na rana ko a rufe da buhunan da aka jiƙa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, tayar da janareto don jawo ruwa ya zama abin lissafi, shi ya sa wasu suke yin kwana 2 su sayar. Wanda ya ce maka bulon jiya ya isa gini, kuɗinka yake so.

To, bari mu ɗauki kwata mai tsawon mita 30, faɗin cikinta ƙafa 2, bango layi uku kowane gefe, irin wadda mutanen layi ɗaya suke iya ɗaukar nauyinta. Kowane layin bango yana cin bulo wajen 65, layi shida kenan, bulo 390. A sa 420 saboda fashewa wajen lodi da saukewa. Ƙasan kwatar kankare ne mai kaurin inci 4, faɗinsa ya ɗauki bangon biyu, wato mita ɗaya da ɗan ɗori. Kwaɓinsa buhu ɗaya, kwanon gini 6 na yashi, 12 na tsakuwa, ruwa kamar jarka ɗaya mai lita 25, a rage idan yashin jiƙaƙƙe ne. Wannan zai ci buhu kamar 15. Jera bulo buhu 8. Cika ramukan bulon da kankare, wanda sau da yawa kwamiti yake cewa a bari don a rage kuɗi, buhu 16 zuwa 18. Filastar ciki buhu 5. Jimla buhu 44 zuwa 46. A wurin taro kuwa za ka ji wani dattijo ya ce buhu 20 ya isa, kowa ya yi na'am don lissafin ya yi daɗin ji. Sai aiki ya kai rabi siminti ya ƙare, a fara miƙa kwaɓi, rabin farko ya yi kyau, rabin ƙarshe ya zama yashi zalla.

Cika ramukan nan ba ado ba ne. Bangon kwata ƙasa ce take tura shi daga baya, kuma idan ta sha ruwa nauyinta ya ƙaru. Ga tayar mota da take taka bakin. Bulo mai rami ba zai iya ba, zai kwanta cikin kwatar. Idan kuɗi bai kai ba, gara a gina mita 20 daidai a bar sauran zuwa baɗi.

Amma abin da ya fi kashe aikin gayya shi ne gangare. Ruwa ba ya jin lallashi. Kwata na buƙatar saukowa kamar santimita ɗaya a kowace mita, wato mita 30 ta sauka kusan ƙafa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ba a buƙatar na'ura. Farar tiyo mai nuna ruwa, turaku da igiya sun isa: a cika tiyon da ruwa, a fitar da iskar da ke ciki, a sa alama ɗaya a kan kowane turke, daga nan a auno zurfin haƙa. Ranar gayya kuwa matasa 40 ne suke fitowa da diga da shebur, kowa ya kama ƙofar gidansu, mai ƙarfi ya zurfafa, rago ya kankare sama-sama. Sakamakon kwata mai tudu da kwari, ruwa ya kwanta a tsakiya, sauro ya samu gida, warin ya fi na da. Don haka awo a yi shi kwana ɗaya kafin gayya, mutum uku kawai, birkila da mataimaka biyu. Kuma a fara haƙa daga inda ruwan zai fita, a hauro. Wanda ya fara daga sama yakan iso ƙarshe ya tarar babbar magudanar titi ta fi kwatarsa tudu.

Wannan mafita ita ce take jawo rigima tsakanin layi da layi. Ka gyara naka, ka tattara ruwan gida 30 ka juye a ƙofar mutanen ƙasa, ba gyara ka yi ba, ƙaura ka yi wa matsalar. Kafin a sayi buhu ɗaya, mai unguwa ya zaunar da layin sama da na ƙasa. Idan aikin zai taɓa titin gwamnati, a je wurin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, tun da wuri, kuma a tambayi tsofaffin unguwa inda bututun ruwa ya bi. Su suka ga lokacin da aka binne shi.

Murfin kwalbati, inda mota za ta hau, ba wurin tsimi ba ne. Ga kwata mai ƙafa 2 da ƙananan motoci, kauri inci 6, kwaɓi mai ƙarfi: buhu ɗaya, kwano 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Rodi mai milimita 12, tazarar inci 6, a saƙa shi tsaye da kwance a ɗaure da waya. Kuskuren da nake gani kullum shi ne wurin zaman rodin. Murfi idan nauyi ya hau shi ƙasansa ne yake buɗewa, don haka rodi a ƙasa yake aiki, a ɗaga shi kamar inci ɗaya da rabi daga katakon da za a zuba kankaren a kai, da 'yan gutsattsarin kankare. Wasu su shimfiɗa shi kan katakon kai tsaye, ya fito fili ya yi tsatsa. Wasu ya taso sama, inda ba shi da amfani. Bayan zubi a yi ban-ruwa, a tare hanya kwana 21, in da hali 28. Nan ake faɗa, domin kullum akwai mai motar da yake ganin shi ya fi ƙarfin a tare shi. Idan tifa ko tankar ruwa za ta bi, wannan ya wuce lissafin birkila, a nemo injiniya. Ba wuyar samu suke ba a nan.

Wannan ma wani abu ne da masaƙu suka bar mana. Unguwannin nan cike suke da tsofaffin ma'aikata, masu walda, masu gyaran inji, masu lantarki, waɗanda suka yi shekaru suna aiki da awo da agogo. Irinsu ne suke ƙera injin buga bulo su gyara shi idan ya lalace, kuma irinsu ne ya kamata a ba riƙon igiya da littafi ranar gayya. Mutumin da ya saba da masaƙa ba ya yarda da "ai ya yi haka nan". Kuma masaƙa ta haɗa Bahaushe, Bajju, Gbagyi, Tibi, Idoma da Bayarabe a layi ɗaya, shi ya sa gayya a nan ranar Asabar take yin kyau. Ba Juma'a ba ce, ba Lahadi ba ce, babu mai uzuri.

Maganar kuɗi kuwa, abin da na ga yana aiki shi ne kada kuɗi ya kwana a hannun mutum ɗaya. Abin da aka tara a mayar da shi kaya nan take, siminti ko bulo, a karɓi rasit, a ajiye a gidan bulo da sunan layin, ba da sunan shugaba ba. Farashi na tashi, kuɗin da ya sayi buhu 10 yau ba lallai ya saya bayan wata biyu ba, kuma buhu ba ya shiga aljihu. Bulo ya fi siminti jure ajiya, don haka shi ake fara saya, siminti sai aiki ya matso. A karanta lissafi a fili, a ƙofar masallaci da ƙofar coci, kowa ya ji wanda ya bayar da abin da aka kashe. Mai gida ya fi ɗan haya biya, wannan adalci ne, tunda gidansa ne zai ƙara daraja. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo ƙarfinsa, ko baro, ko ruwa, matan layi su yi abinci, a rubuta duka a littafi ɗaya. Gudummawar ɗan siyasa a karɓa idan ta iso ƙasa, amma kada a sa alƙawarinsa cikin lissafi.

Mu ma masu gidan bulo muna da namu rabon. Ragin da za mu iya yi ba ya wuce ribar, wadda dama ba ta da yawa, amma akwai abin da ya fi ragi amfani: kai kaya kyauta idan wurin na kusa, aron baro da kwanoni da tiyo, ba da fasassun bulo don cikon bayan bango, da ƙin sayar wa kwamiti bulo mai inci 6 don ginin kwata ko da sun nace. Bashi ga kwamiti kuwa, sai an sami mutum biyu da suka sa hannu da sunansu. Bashin jama'a ba shi da uba.

Lokacin aiki daga Fabrairu zuwa farkon Afrilu ne, a gama kafin ruwan farko, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Matsalar ita ce lokacin ne rijiyoyi suke ja da baya, don haka kuɗin ruwan ban-ruwa ya shiga lissafi tun farko. Kada a rufe kwata gaba ɗaya da kankare. A bar murfi mai ɗaguwa duk bayan mita 3 ko 4, wanda mutum biyu za su iya cirewa, a kuma sa ragar rodi a bakin kwalbati don ta tare ledar fiya-wata da robobi. Yasa sau biyu a shekara, kafin damina da kuma farkon Agusta kafin ruwa ya yi ƙarfi. Abin da aka yaso a kwashe shi ranar da baro. Idan aka tara shi a bakin kwata ana jiran mota, ruwan dare ɗaya zai mayar da shi inda ya fito.