Ranar da na hau dutsen Babbar Zimbabuwe

Da sassafe muka bar garin Masvingo a ƙasar Zimbabuwe, tafiyar kusan kilomita 30 ce zuwa kufan tsohon birnin da ake kira Babbar Zimbabuwe. Ƙanena ne ya matsa mu zo. Shi hawan duwatsu ya zame masa jiki, ni kuwa iyakar abin da na saba hawa shi ne matakalar bene a wurin aiki. Da jagoranmu ya ce tsayin dutsen daga kwarin da ke ƙasa bai wuce mita 80 ba, sai hankalina ya kwanta. Mita 80 ai nan da can ne, in dai a shimfiɗe hanyar take.

A gindin dutsen ya nuna mana hanyar da aka gyara a wannan zamanin, wadda take zagayawa a hankali, sannan ya nuna tsohuwar hanyar da mutanen garin suke bi tun asali.

"Yaya, in ba ta tsohuwar muka bi ba, ai ba mu zo ba," in ji ƙanena.

Jagoran ya dubi takalmina, ya dubi fuskata, ya yi murmushi ya shige gaba.

Matakalar ba ta da tsari ɗaya, kuma wannan ne ya fara cinye ni. Wani takin bai kai idon sawu ba, na gaba da shi sai ka ɗaga gwiwa har kusan ƙirji. Ƙafa ba ta samun abin da za ta saba da shi, dole ido ya zaɓa mata wurin taka kowane lokaci. Ba a jima ba numfashina ya fara fita da ƙara, ina jin bugun zuciyata a cikin kunnuwana, rigata ta manne a baya. Jagoran ya jira ni, ya ce in rage faɗin taku, in riƙa ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya maimakon 'yan yatsu, in kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi ya kama ni, kuma in daina ɗaga kai ina neman ƙarshen dutsen. Wannan ta ƙarshen ce ta fi yi mini amfani.

Can sama hanyar ta kutsa tsakanin wasu manyan duwatsu biyu. Mutum ɗaya kaɗai take ɗauka. Sai da na sauke jakata na riƙe a hannu, na karkata jiki, kafaɗata tana gogar dutsen. A cikin tsagin akwai sanyi, dutsen kuma ya yi santsi daidai inda hannu yake dafawa. Na tsaya a nan fiye da yadda ya kamata, ina cewa kallo nake yi, alhali hutawa nake. A tsayuwar nan ne wani abu ya faɗo mini: duk wanda ya zo ganin mai mulkin wurin nan, komai girmansa a garinsu, a haka zai iso, shi kaɗai, a karkace, yana haki. Masu bincike da dama suna ganin ganuwar nan ba don yaƙi aka yi ta ba, don nuna isa ne da kuma tsare manya daga idon jama'a. Bayan na ratsa tsagin nan da jikina, ban ga abin musu a maganar ba.

Da muka fito fili sai ga ganuwa a gabanmu, doguwa, ruwan toka. Na matsa kusa na sa yatsa a tsakanin duwatsun. Babu laka, babu siminti, babu komai. Gutsattsarin dutse ne aka daidaita aka jera ɗaya kan ɗaya, nauyinsu ne yake riƙe su. Wani ɗan ƙadangare ya leƙo daga ramin da ke kusa da hannuna ya koma. Abin da ya fi burge ni shi ne maginan ba su yi faɗa da dutsen ba. Inda ganuwa ta tarar da ƙaton dutse sai ta lanƙwasa ta rungume shi, ta ci gaba daga ɗaya gefen. Jagoran ya ce irin dutsen yankin yana ɓarewa ne falle-falle kamar albasa, maginan kuma sukan hura masa wuta su sanyaya shi don ya tsage, sannan su farfasa shi daidai girman da suke so. Na dubi ganuwar, na tuna matakalar da ta kusa ƙarar da ni da 'yar jakata, na yi shiru.

Kakannin al'ummar Shona ne suka gina garin, ya bunƙasa tsakanin ƙarni na 11 da na 15, kuma nan kan dutsen ne ɓangare mafi daɗewa. Ɗakunan kwana na laka ne a cikin ganuwar, sun rushe tuntuni, sai alamun daɓe. Arzikinsu shanu ne da zinariya da hauren giwa, suna kai wa har gaɓar Tekun Indiya. A haƙe-haƙen da aka yi an tono fasassun tangaran na ƙasar Sin da na Farisa, da duwatsun ado na gilashi, har da kwabon birnin Kilwa da ke Tanzaniya ta yau.

A shingen gabas, wani fili da ganuwa ta kewaye a kan dutsen, jagoran ya nuna mana inda aka samu yawancin wasu tsuntsaye takwas da aka sassaƙa da wani dutse mai laushi. Hoton ɗaya daga cikinsu ne a tutar ƙasar tun 1980. A 1889 wani mafarauci, Willie Posselt, ya ɗauke guda ya sayar wa Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka, aka ajiye shi a gidan Rhodes a Cape Town.

Na samu inuwa na zauna, ƙafafuna suna zafi, shi kuma ya ci gaba da labari. Karl Mauch, wani Bajamushe da ya iso a 1871, cewa ya yi fadar Sarauniya Bilkisu ce. Wasu suka ce mutanen Finikiya ne, wata tsohuwar al'umma ta gaɓar Bahar Rum. Kowa dai ya cancanta a ba shi ginin, ban da mutanen da ake gani zaune a kewayensa. David Randall-MacIver, wani mai binciken kayan tarihi, ya haƙa a 1905 ya ce aikin 'yan Afirka ne, Gertrude Caton-Thompson ta sake tabbatarwa a 1929, amma gwamnatin farar fata ta Rodeshiya, wato Zimbabuwe kafin 'yanci, ta ƙi yarda, har Peter Garlake, mai kula da kayan tarihi, ya bar ƙasar a 1970 saboda matsin da ya sha. Abin haushi, abin dariya. Ƙanena bai saurari rabin labarin ba, yana can bakin wani kogo yana ƙwala kira don ya ji muryarsa ta gangara kwari. Ta kuwa gangara.

Daga saman ana hango ruwan tafkin Mutirikwi, ga kuma wata ƙatuwar ganuwa da ake kira Babban Shinge a ƙasa, zagayayya, tsakiyar bishiyoyi.

Na ɗauka saukowa hutu ne. Ta sabuwar hanya muka biyo, amma gwiwoyina suka riƙa karkarwa kamar ba nawa ba, domin a gangara su ne birki. A wani wuri mai santsi zama na yi na sulale, birai suna kallona daga kan reshe.

"Yaya, in ɗauke ka hoto?"

"Ka gwada ka gani."

A ƙasa na ce na gama, sai jagoran ya rantse mini cewa hanyar Babban Shinge a miƙe take, babu hawa. Ganuwarsa ta kai mita 11 a wani wurin, kewayenta kusan mita 250, da adon zane mai lanƙwasa a samanta. Muka bi wani siririn lungu tsakanin bango biyu har zuwa wata hasumiya mai tsukakken kai. Na zaga ta ina neman ƙofa. Jagoran ya ce in daina wahalar da ƙafata, masu neman taska sun riga ni nema, an ma haƙa ƙarƙashinta. Dutse ne zalla tun daga tushe har sama.