Katin Wawa da butar da ta narke

Alhamis.

Sanyi ya sauka Bolonya ta Italiya da gaske. Da rigar sanyi na yi sallar asuba, na koma cikin bargo, sai ga shi na makara. Shayi a tsaitsaye. Bas ya zo cike maƙil, don haka na taka da ƙafa ta ƙarƙashin rumfunan nan har makaranta, ko ɗigon ruwa bai taɓa ni ba. Malamin Alhamis ya yi ta bayani a kan haske da inuwa a finafinan Jamus na shekarun 1920, rabin aji na gyangyaɗi.

Da yamma ne abin da ya hana ni sakat ya faru.

'Yar Sisiliya ta baje katunanta na tarot, waɗanda ake duba da su, a teburin kicin, daidai inda nake son yanka albasa. Kun dai san sharaɗin da ke tsakaninmu tun ranar da muka haɗa gida: ba ta ja mini kati, ba ta ce mini komai a kan gobena. Ba na duba, ba na zuwa wurin mai duba, gaibu sai Allah, kuma ba ta taɓa ƙetare wannan iyaka ba. Amma zane dai zane ne, ni kuwa karatun hoto ya kawo ni garin nan. Tun da Oktoba ta kama ta ɓullo da wani wasa: kullum ta ɗauki ɗaya daga manyan katunan nan 22, ta nemo wani daga cikin finafinan ban tsoro wanda rayuwarsa za ta fassara katin, ta rubuta a littafinta. Yau ta dawo kan wanda ta tsallake tun farko, mai lamba sifiri. Wawa.

Nata kunshin irin wanda Pamela Colman Smith ta zana ne, wanda aka fitar a Landan a 1909. Saurayi ne da riga mai ado, ya rataya ɗan ƙullinsa a sanda, farin fure a hannun hagu, ya ɗaga fuska sama. Rana na bayansa, ƙaramin farin kare na tsalle a gefen ƙafarsa. Taku ɗaya ya rage masa ya bar bakin dutse ya faɗa rami, shi kuwa ko ƙasa bai kalla ba.

Ta ce ma'anarsa sabon farawa, zuciya wankakkiya, mutum ya kama hanya ba tare da tsoro ba. Ta ce ta riga ta samo masa mutanensa: samarin nan da 'yan mata da kowane fim ke cusawa a mota su nufi gidan katako a tsakiyar daji, tsoho a gidan mai yana ce musu kada ku je, suna dariya.

Na ce, "A'a. Waɗannan an gaya musu sun ƙi ji, taurin kai ne. Dubi fuskar wannan. Shi ba wanda ya gaya masa."

Ta ce, "Karen fa? Ai gargaɗinsa yake yi."

Na ce, "Ke da kika san akwai rami kika ji gargaɗi. Shi da bai sani ba, wasa ya ga kare na yi masa."

Ta ajiye alƙalami ta ce to waye nawa. Na ce dodon Frankenstein, na fim ɗin 1931. Ta tuntsire da dariya, wai wancan mai ƙusa a wuya da goshi kamar akwati? Ina fure, ina shi?

Ashe ba ta taɓa kallonsa daga farko zuwa ƙarshe ba, hotunansa kawai ta sani, kamar yawancin mutane. Sai na bar albasar na zauna.

Farkon da aka nuna shi a tsaye, da baya ya shigo ɗaki, sannan ya juyo a hankali. Wanda ya haɗa shi daga sassan gawawwaki, Henry Frankenstein, ya zaunar da shi a kujera, ya buɗe tagar rufi. Haske ya sauko. Tunda aka yi shi a duhu yake, bai taɓa ganin rana ba. Ya miƙe, ya ɗaga fuska, ya ɗaga hannaye biyu yana son ya kama hasken. Henry ya rufe tagar. Ya sauke hannayen, ya miƙa su gaba a buɗe, yana roƙon abin da bai san sunansa ba. Na nuna mata katin na ce, ga fuskar nan, a ɗage. Ga ranar nan.

Abu na gaba da ya gani a duniya wuta ce a hannun Fritz, yaron aikin Henry, wanda ya mai da tsorata shi abin nishaɗi. Ya firgita, aka ce ai mugu ne, aka ɗaure shi da sarƙa a ɗakin ƙasa, Fritz na bin sa da bulala. Iyakar tarbiyyar da ya samu ke nan. Ba wanda ya zauna ya ce masa wannan ruwa ne, wannan mutum ne, wannan yana karyewa. Shi kuwa Henry, da abin ya ishe shi, sai ya tafi gidan ubansa shirin aure, ya bar wa tsohon malaminsa ya san yadda zai yi da shi.

Sai maganar fure. Bayan ya tsere ya iske wata ƙaramar yarinya, Maria, a bakin tafki. Ita kaɗai ce a duk fim ɗin ba ta guje shi ba. Ta kama hannunsa, ta ba shi furanni, ta nuna masa yadda ake jefa su a ruwa su yi ta yawo a sama. Ya jefa, ya ga nasa ma bai nutse ba, ya yi murmushi. Furanninsa suka ƙare. Ya dubi hannunsa ba komai, ya dubi yarinyar. Darasi ɗaya tak aka taɓa koya masa da daɗi: abu mai kyau, in ka sa shi a ruwa, yana yawo a sama. Ya ɗauke ta ya jefa. Ba ta taso ba. Ya ruga cikin itatuwa a gigice.

'Yar Sisiliya ta yi shiru. Can ta ce, "Amma katin ba ya cutar da kowa. In ya faɗi, shi kaɗai ya faɗi. Naki ya kashe yarinya."

Na ce mai zanen ta tsaya ne kafin takun. Ba ta zana mana wanda ke zaune a ƙasan dutsen ba. Kuma ba ta zana wanda ya ɗaura masa ƙulli, ya ba shi fure, ya nuna masa wannan hanya ba tare da ya ambaci rami ba. Ni wannan mutumin nake nema a katin, ba ya ciki.

Ta kawo hujjar da na san za ta kawo, don ita ce kowa ya sani: ai ƙwaƙwalwar mai laifi aka sa masa. Gaskiya ne, haka fim ɗin ya ce. Fritz ya saki kwalbar mai kyau ta fashe, ya ɗauko ɗayar. Wannan wurin ne ba na so a fim ɗin, kuma babu shi a littafin Mary Shelley na 1818 da aka ɗauko labarin daga ciki, inda halittar ma har magana da karatu ya koya wa kansa yana leƙen wasu mutane. An ƙara shi ne, kuma amfaninsa ɗaya, ya wanke Henry. In tun asali abin ruɓaɓɓe ne, to ba laifin wanda ya yi watsi da shi. Sai dai Boris Karloff, wanda ya fito a matsayin dodon, bai buga shi a haka ba. Jariri ya buga, mai jikin ƙato. Masu tace finafinai na lokacin sun yanke wurin jifar, sai a shekarun 1980 aka maido da shi, kuma yankewar ta ƙara munana abin: ka ga ya miƙa hannu wajen yarinya, sai kuma ka ga ubanta ɗauke da gawarta yana ratsa taron biki. Da aka cire ruɗewarsa da gudunsa, sai ya zama mugu zalla.

Ƙarshen ma: mutanen gari sun cinna wa injin niƙa wuta yana ciki yana ihu. Henry na kwance a gado ana jinyarsa, ubansa na ɗaga kofi a ƙofar ɗaki.

Ta lalubo mini tsohon zanen katin a waya, na kunshin Visconti-Sforza da aka yi wa masu mulkin Milan a ƙarni na 15. Can babu riga mai ado. Mutum ne cikin tsumma, gashin tsuntsu a soke a kansa, kulki a kafaɗa. A kunshin Marsey na Faransa kuma dabbar ba rawa take masa ba, wandonsa take yagewa. Lokacin ma ba duba ake da su ba, karta ce kawai, sai a ƙarshen ƙarni na 18 wasu a Faransa suka jingina musu asirai. Har yau akwai masu buga irin ta nan Bolonya mai kati 62. Na ce to kin gani, tsofaffin masu zanen sun fi kusa da nawa. Ta ce sun fi kusa, amma ba ta yarda gaba ɗaya ba, don Wawanta yana da zaɓi, nawa ba shi da shi. Wannan kam magana ce. Muka bar ta a nan, na dafa taliya da miyar da ta rage.

Da a nan ranar ta tsaya da na kwanta da daɗi.

Bayan isha'i na kira Inna. Mun gaisa, ƙafar da sauƙi, Auta ya fara jarrabawa. Sai ta ce ai gidan Yaya yau ba lafiya. Yarinyar nan da aka kawo wa Anti, matarsa, daga ƙauye, wadda ba ta wuce shekara 12 ba, an ce ta dafa ruwan shayi. Ta cika butar lantarki, ta kunna gas, ta ɗora. Gindin ya narke, hayaƙi ya turnuƙe kicin, Allah ya tsare wuta ba ta kama labule ba. Ta sha mari. Anti ta ce ba za ta iya da wawiya ba, ranar Asabar matar da ta kawo ta za ta zo ta mai da ta.

Na ce, "Inna, wa ya nuna mata yadda ake amfani da ita?"

Ta ce, "To, ai kowa ya san ba a ɗora ta a wuta."

Na ce, "Inna, a gidansu buta a kan wuta ake ɗora ta. Abin da ta sani ta yi."

Inna ta ɗan yi jim, ta ce haka ne kuma, amma gidan ɗa ba gidanta ba ne, ba ta son a ce uwar miji ta sa baki. Na gane. Ban matsa mata ba.

Ba ina haɗa yarinyar da dodo ba ne, Allah ya kiyaye, ita ba ta cuci kowa ba, buta ce. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda aka yi saurin samo mata suna. Da zarar an ce wawiya, shi ke nan, ba sauran tambayar wa ya ɗauko yarinya daga gaban uwarta, ya saka ta a kicin mai gas da soket, ya tafi ɗaki. Za ta koma gida da wannan sunan, a ce an kai ta birni ta kasa. Kuma tun farko ma ba kicin ɗin kowa ya kamata a same ta ba da safiyar Alhamis, aji ya kamata.

Na kasa karatun gobe. Na buɗe, na rufe. Wanki na jiƙe tun jiya. Kuɗin wuta ya zo, ya fi na watan jiya.

Gobe zan kira Yaya. Zan ce kuɗin butar na wuyana, a bar maganar Asabar tukuna. In za ta zauna, a sa ta a makarantar da ke bayan layinsu, ni zan ɗauki littattafai da kayan makaranta daga abin da nake samu a aikin ƙarshen mako. In kuma mayar da ita za a yi, a gaya wa iyayenta gaskiya, cewa ba a nuna mata ba ne. Na san zai ce ina zaune a Turai ina koya masa riƙon gidansa. Ya faɗa. Bayan an sauko daga masallaci zan kira, kafin ya ci abinci ya kwanta.