Kwana biyar ina gadin kwalba a ƙarƙashin gado

Ƙanena ɗan acaɓa ne a Gombe. Wata Laraba yana dawowa daga Kumo, akuya ta gitta masa, ya faɗi, kan babur ya doke shi a haƙarƙarin dama. Da ƙafarsa ya tashi, ko ɗigon jini babu, muka ce Allah ya taƙaita. Da dare Inna ta sa aka kira maɗori, ya lalluba, ya ce ƙashi biyu sun tsage, ya ɗaure masa ƙirji tamau da ƙyalle. Ni na riƙe masa hannu ana ɗaurin, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Kafin asuba ya kasa kwanciya. Yana zaune jingine da bango, gumi na tsiyaya, in ya faɗi kalma biyu sai ya tsaya jan numfashi. "Yaya, iskar ba ta kaiwa ƙasa," abin da yake ta maimaitawa ke nan. Na haska tocila na ga ɓarin hagu na ƙirjinsa yana hawa da sauka, na dama kuwa da kyar yake motsi.

A asibiti likita ya fara kwance ɗaurin. Ya ce matse ƙirji yana hana mutum jan numfashi mai zurfi, majina ta kwanta a huhu, nimoniya ta biyo baya. Ya ƙwanƙwasa ɓarin dama da yatsa, wurin ya amsa kamar ganga. Da hoton ƙirji ya fito ya nuna mini: tantani biyu ne, ɗaya ya lulluɓe huhu, ɗaya yana manne da cikin haƙarƙari, tsakaninsu ɗan ruwa mai sa su sulɓi. Tsinin karyayyen ƙashi ya soki huhu, iska ta fito ta taru a tsakanin, huhun ya motse. In ta ci gaba da taruwa tana tura zuciya gefe, tana iya kisa nan take.

Suka yi masa allurar kashe zafi, suka ɗan yanka ƙasan hammata, suka zura tiyo mai kaurin yatsa tsakanin haƙarƙari, suka ɗinke shi da fata. Ɗaya bakin yana nutse cikin kwalba mai ruwa. Da ya yi tari sai ruwan ya yi kumfa, cikin awa guda maganarsa ta daidaita.

Kwalbar nan ce ta koya mini jinya. Kwana na biyu mai shara ta zo, don in ba ta wuri sai na ɗaga kwalbar zan ɗora kan gado. Sista ta daka mini tsawa daga bakin ƙofa: "Malam, sauke ta!" Da hankalina ya dawo ta yi mini bayani. Ruwan ciki shi ne ƙyaure, yana barin iska ta fita, ya hana ta komawa. In kwalbar ta haura ƙirji, ruwan zai gangara cikin ƙirjin. Tun daga ranar ko ban-ɗaki za mu, a ƙasan gwiwa nake riƙe ta, ina kula kada ta karkace ko tiyon ya lanƙwashe ƙarƙashin cinyarsa. Da dare nakan farka in duba ko ruwan cikin tiyo yana hawa da sauka tare da numfashinsa.

Tari shi ne abin da ya fi gudu saboda zafi, shi kuma aka fi matsa masa ya yi. Rungume filo a wajen karayar ya sauƙaƙa masa. Dattijon da ke gadon kusa da mu, shi ruwa ne ya taru masa a tsakanin tantanin huhun nan biyu saboda tarin tibi. Ya daɗe yana ramewa ana cewa sammu ne, alhali maganin kyauta ne, wata 6 ake sha.

Rana ta biyar kumfa ta ɗauke, hoto ya nuna huhun ya buɗe, aka zare tiyon yana riƙe da numfashi. Da za a sallame mu likita ya ce ƙashin zai ɗauki kamar mako 6, ba ɗaukar kaya, ba sigari, ba hawa jirgin sama sai an sake hoto. Babur ɗin sai muka ba wani yaron unguwa yana kawo balas kullum da yamma, da shi muka riƙa sayen magani.