Tabarmar sulhu a ikilisiyarmu ta Damagaram

Ranar Lahadi idan an tashi daga Misa, wato babbar ibadarmu ta 'yan Katolika, mutane ba sa watsewa nan take. Mata sukan tsaya a inuwa suna lissafin kuɗin adashinsu, mawaƙa suna tattara ganguna, yara kuma suna guje-guje a fili, sannan can gefe akwai tabarmar da mu dattawan kwamitin iyali muke shimfiɗawa domin duk wanda ke da magana ya zo ya zauna. Na yi shekaru a bakin wannan tabarma, kuma na lura cewa aikin gyaran aure da aikin neman zaman lafiya da maƙwabta, waɗanda ake rubutawa daban-daban a tsarin ayyukan shekara, a garin nan aiki ɗaya ne, mutane ɗaya ne kuma suke yin sa.

Sai an san yawanmu kafin a fahimci dalili. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, mu 'yan Katolika kuma wani ɓangare ne kawai na wannan ɗan adadi. Ikilisiyarmu tana ƙarƙashin dayosis na Maraɗi, wato yankin da bishop ɗaya ke shugabanta, wanda aka kafa a 2001 da Bishop Ambroise Ouédraogo a matsayin shugabansa na farko, kuma ya haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Diffa. A cikin masu zuwa sujada akwai 'yan ƙasa, akwai waɗanda iyayensu suka zo daga Benin da Togo da Burkina Faso tun da daɗewa, akwai 'yan kasuwa daga Najeriya, akwai ɗalibai da ma'aikatan da aka turo aiki. Shi ya sa ake jin Faransanci da Hausa a ibada ɗaya, amma da zarar an fito fili Hausa ce ke haɗa kowa. Ko sunan limaminmu ma yana da ban dariya: 'yan'uwanmu na Najeriya suna ce masa Fada, alhali a Damagaram idan ka ce za ka je fada, ko dai gidan Sarki ake zaton za ka, ko kuma wurin da samari ke zama suna dafa shayi.

Jama'a ƙarama irin wannan ba ta iya aurar da 'ya'yanta duka a cikin gida. Saboda haka kusan kowane iyali a cikinmu yana da suruki ko kawu ko jika Musulmi, kuma mafi nauyin maganganun da ke zuwa tabarmarmu daga nan suke fitowa. Dokar Ikilisiya ba ta rufe ƙofar auren wanda ba a yi wa baftisma ba, sai dai dole a nemi izinin bishop, ɗan Katolikan ya yi alkawarin riƙe bangaskiyarsa da yin iya ƙoƙarinsa wajen tarbiyyar 'ya'ya a cikinta, a kuma sanar da ɗaya ɓangaren wannan alkawari tun kafin ɗaurin aure. A takarda abin gajere ne. A zaune kuwa, idan yarinyarmu ta kawo saurayi Musulmi, sai mun faɗa masa ƙarara cewa a wurinmu aure na mutum biyu ne har mutuwa, babu ƙarin mata, babu saki, alhali addininsa ya halatta masa duka biyun, kuma danginsa suna ganin 'ya'ya na uba ne. Ban taɓa ganin amfanin ɓoye wannan magana don a samu a yi biki ba. Na fi son saurayi ya tashi ransa a ɓace a ranar, da a wayi gari bayan shekara uku yarinya ta dawo gida da goyo tana cewa ba a gaya mata ba.

Akwai wata da ba zan manta ba. Ta yi yaji ta dawo gidan mahaifiyarta a Sabon Gari, mijin kuma ɗan kabu-kabu ne da ke zaune wajen Birni. Mutanen coci suka fara raɗe-raɗin cewa an hana ta zuwa sujada ne, magana ta fara ɗaukar launin addini, har wasu samari suka soma kumfar baki. Ni da wata dattijuwa daga kwamitinmu muka zaunar da ita. Dattijuwar ta ce mata: "'Yata, faɗa mana tsakaninki da Allah, hana ki coci ya yi?" Ta sunkuyar da kai ta ce: "A'a Inna, shi ma yake kawo ni a babur." Ashe rigimar ta ruwa ce da cefane. Duk wanda ya zauna a Damagaram lokacin bazara ya san yadda famfo ke ƙafewa da yadda kuɗin ga-ruwa ke cinye abin da aka bari na miya. Yana ajiye mata jika ɗaya da safe, yana dawowa da dare yana tambayar ina nama. Da kawun mijin ya zo biko, wani malami mai carbi a hannu, sai ya ce mini: "Malam, ai harshe da haƙori ma sukan saɓa, yaron nan namu ne ya yi wauta." A gabanmu ya yi wa mijin faɗa, aka sake lissafin cefane, ta koma ɗakinta. Da mun bar raɗe-raɗin ya yi kwana uku yana yawo, da unguwa biyu sun ɗauka cewa faɗan Musulmi da Kirista ake yi.

Ba na faɗin haka da wasa, domin mun ga abin da jita-jita da fushi suke iya yi. A watan Satumba na 2012 an far wa cocinmu bayan zanga-zanga kan wani fim da aka yi a Amurka. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 kuma, bayan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, aka ƙona majami'u a garin nan, da makarantar mishan, da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Washegari wutar ta kama Yamai, inda 'yan sanda suka ƙirga coci 45 da aka ƙona, mutum 10 kuma suka rasu a garuruwan biyu. Ɗaruruwan Kiristoci suka kwana a barikin soja. Babu ko ɗaya daga cikinmu da ya zana wani abu ko ya goyi bayan zanen, kuma yawancin yaran da ke karatu a makarantar da aka ƙona 'ya'yan Musulmi ne. Amma wani abu ya faru a ranar da ba a cika ba da labarinsa ba. Iyalai da dama maƙwabta ne suka shigar da su cikin gida suka rufe ƙofa, wasu kuma surukai ne suka zo suka kwashe su. Ni kaina maƙwabcina ne ya tsaya a bakin zaurena, ya ce wa yaran da suka nufo mu: "Gidan yayana ne wannan, ku wuce." Mutumin nan ban taɓa zama da shi a taron tattaunawar addinai ba, abin da ke tsakaninmu shi ne naman layya da yake aiko mana kowace Babbar Salla, da shinkafar Kirsimeti da matata ke aika musu, da kuma zaman makokin mahaifiyarsa da na yi kwana uku ina yi tare da shi.

Bayan wannan fitina shugabannin Ikilisiya sun kira mu ga yafiya maimakon ramuwa, kuma an ƙara ƙarfafa zaman tattaunawa tsakanin limamai da fastoci da sarakuna. Muna yin addu'a ta musamman kowace 1 ga Janairu, ranar zaman lafiya ta duniya da Paparoma Paul na shida ya fara a 1968, mun kuma karanta takardar 'yan'uwantakar bil'adama da Paparoma Francis da Shehun Azhar Ahmad al-Tayyib suka sa wa hannu a Abu Dhabi a 2019. Duk waɗannan suna da amfani. Sai dai na ga taruka da yawa inda manya ke musafaha a ɗakin taro, a ci abinci a watse, samarin da ke zaune a fada ba aikin yi kuma ba wanda ya je wurinsu. Ƙungiyar matasanmu ta fi burge ni ranar da ta ɗauki shayi da sukari ta je ta zauna da su, aka yi ƙwallo tare, aka share kwata tare kafin damina.

A ɓangaren aure ma muna da namu laifin. Kalmar haƙuri ta yi mana sauƙi a baki, har mukan faɗa wa matar da ake duka ta yi haƙuri, mu ƙara da cewa aurenmu ba a raba shi. Wannan kuskure ne ko a dokar Ikilisiya, wadda ta yarda a raba zama idan akwai haɗari ga rai ko lafiyar mace ko 'ya'ya, ko da igiyar auren tana nan. Akwai kuma kotun Ikilisiya da ke bincika ko auren ya ƙullu tun farko, domin auren da aka yi da tilas ba aure ba ne a wurinmu, tunda yardar mutum biyun ce ke ƙulla shi. Mata da yawa ba su san haka ba, saboda haka muka sa shi cikin darussan da ake yi wa masu shirin aure, tare da maganar da ta fi kowace jawo gardama, wato tsadar akwati da kayan ɗaki. Ma'aurata da dama sun haifi 'ya'ya biyu ko uku ba su zo an albarkaci aurensu ba, ba don rashin so ba, sai don kunyar yin biki marar armashi.

Lahadin da ta wuce an karanta sanarwar aure karo na biyu ga irin waɗannan ma'aurata, waɗanda suka yarda a ɗaura musu ba tare da shagali ba. Matan adashi sun ɗauki nauyin girki, mawaƙa sun ce ba za su karɓi komai ba. Mahaifin amaryar Musulmi ne, ya aiko a tambaye ni ko zai iya shiga cikin coci ranar, da kuma inda zai zauna. Na aika masa cewa benci na gaba nasa ne, kuma za a gama kafin azahar.